Fulawar da ke Gemunsa

"Ki cire zoben nan, ko kuma a ɗauke ki a makara da shi."

Mama ce ta faɗa, tana tsaye a ƙofar banɗaki, ni kuwa ina durƙushe na rungume cikina. Zoben baikon ma, cire shi ba sai na wahala ba, ramar da na yi ta sa da kansa yake zamewa.

Tun ina 'yar makaranta nake da cutar siliyak. Hanjina ba ya shiri da alkama, ko ɓurɓushin burodi na haɗiye sai na yini ina zarya tsakanin gado da banɗaki. Na kiyaye bakina, na murje, har na yi kumatu. Sai zuciyata, da ba ta jin magana, ta tsallake duk mazan duniya ta faɗa kan mai gidan burodi.

Bai taɓa zuwa wurina ba sai ya yi wanka, ya canja kaya, ya goge ƙumbunansa da buroshi. Duk da haka zawo ya dawo mini, ga kumburin ciki, ga jiri. Gwaggo, wadda ta daɗe tana yi wa ɗanta sha'awata, ta rantse wa Mama ta ga fulawa a gemunsa da idonta. Washegari ya zo fuska tas, ya aske gemun da yake ji da shi. Na yi dariya har da hawaye, daga baya hawayen suka zama na gaske.

Ban samu sauƙi ba. Mama ta hana shi shigowa falo. Abin da ya fi ci mini rai, ni ma na fara zarginsa, ko wayarsa ya miƙo mini sai na saci kallon yatsunsa.

"Rabin raina... tsorona kike ji?" ya tambaye ni.

Ranar da Mama ta yi maganar makara na ajiye masa zoben a kujerar motarsa, ban iya kallon idonsa ba.

Ya daina zuwa, ciwo kuwa bai daina ba.

Da aka mayar da ni asibiti, likita ta ce jinina bai nuna alkama ta taɓa ni ba, ta sa aka gwada bayan gidana. Ashe tsutsar hanji ce, irin ƙananan da ido ba ya gani, masu bin gurɓataccen ruwa, alamunsu kuma sak na cutata. Aka gwada Mama, ita ma tana da su. Aka hau rufin gidanmu, sai ga murfin tankin ruwa ya daɗe da fashewa. Da ruwan nan Mama take wanke mini ganye da 'ya'yan itace, tana murna tana kare ni.

Mama ta ce in je wurinsa, in ya ƙi saurarona ita za ta je da ƙafarta.

A gidan burodin na tarar an kashe murhu, ana fitar da farantan gashi. Sana'ar gaba ɗaya zai bari.

"Kar ki shigo, akwai fulawa a ƙasa," ya ce.

Na shiga. Na faɗa masa komai.

"Da ba a ga tsutsar ba fa?" ya ce.

"Da na rasa ka... kuma da ni na jawo. Ka yafe mini, masoyina."

Sai ya zaro zoben daga aljihun rigar aikinsa, ya nufi famfo zai wanke hannu kamar yadda ya saba.

Na riƙe masa riga.

"Haka nan," na ce, na miƙa masa yatsana.