Yarinyar da Ke Cizo

Ranar da Siddiƙa ta fara ganin Kashim, tsaye yake a zauren gidansu da ke Umarari, yana ɗaure hannunsa da tsumma, jini na tsattsafowa. An gaya mata dillali ne a Kasuwar Shanu.

"Wushe da aiki," ta gaishe shi. "Sa ne ya tunkuye ka?"

Ya ɗago ya dube ta. "Da sa ne da sauƙi. 'Yar ƙanwata ce ta cije ni."

Siddiƙa masaniyar halayyar ɗan Adam ce. Shekara biyu ke nan tana bin gidaje da jakar takardu, tana binciken digirinta a kan yadda iyaye ke rainon yara a wannan zamani na tashin hankali, da abin da rainon ke haifarwa: yara masu duka, masu fitsarin kwance, da waɗanda suka daina magana.

Yarinyar sunanta Rahmat, shekararta shida. Mayaƙan daji ne suka sace uwarta a hanyar ƙauye. Bayan shekara huɗu ta kuɓuto da 'ya a hannu, ba ta daɗe ba ta rasu. Tun daga nan Rahmat ba ta wasa da kowa. Ko ƙofa aka buga da ƙarfi, sai ta kai wa na kusa da ita cizo.

"Na doke ta har hannuna ya gaji," in ji kakarta, Ya Kaltum. "Maƙwabta sun ce jinin ubanta ne."

"Ya Kaltum, gidaje da dama na shiga, ban taɓa ganin jinin da ke cizo ba. Tsoro na gani. Ki ajiye mini tsumagiyar nan wata uku. In ta fara, a rungume ta, a yi ta kiran sunanta a hankali."

Tsohuwar ta taɓe baki. Kashim ne ya karɓi lambar wayar Siddiƙa.

Kwana biyar bayan haka saƙonsa ya shigo: "Malama, yau ta jefar da kwanon tuwo, ban daka mata tsawa ba. Na riƙe ta yadda kika ce. Ta yi kuka har ta yi barci a kafaɗata. Ni ma na yi, kada ki gaya wa kowa."

Ta amsa: "Sirrinka na hannuna. Sannu da ƙoƙari, Kawun Rahmat."

Kafin damina ta wuce, Malama ta koma Malamata, shi kuma ya zama Jarumina.

Da Kashim ya aika manya neman aure gidan su Siddiƙa a Limanti, mahaifinta Malam Abdulwahab bai ko bari sun gama bayani ba. Ɗansa na fari, Ya'akubu, bam ne ya tashi da shi a kasuwa shekara uku da suka wuce.

"Ki je ki raini 'yar waɗanda suka kashe yayanki?" ya ce wa Siddiƙa. "Ba da raina ba."

"Baba, yarinya ce. Ba ta zaɓi inda aka haife ta ba."

"Na gama magana."

Ana cikin wannan sai Taufiq, abokin aikinta da ya daɗe yana neman ta tana kauda kai, ya je Kasuwar Shanu da kwafin wani shafi daga fayil ɗinta. Ya miƙa wa Kashim.

Rubutun hannunta ne: "Gida na 14. An haifi yarinyar a daji. Kawun mai saurin fushi ne, yana ɓoye tsoro mai yawa."

"Ka gani?" in ji Taufiq. "Lamba ce kai a littafinta. In ta gama rubutu, ta gama da kai."

Da la'asar saƙo ya iske Siddiƙa: "Ashe ni da Rahmat aikin makaranta ne. Allah Ya ba ki digirin. Kada ki ƙara zuwa gidanmu."

Ta kira, bai ɗauka ba. Sati biyu ba ta iya cin abincin kirki. A Umarari kuwa Rahmat ta zauna a bakin zaure kullum tana duban hanya, ran nan ta ciji wata 'yar maƙwabta, Ya Kaltum ta sake ɗauko tsumagiya.

Da labarin ya kai ga Siddiƙa, sai ta hau keke napep har Kasuwar Shanu. Ta ratsa tsakanin shanu da mahauta, ana ta kallon ta, har ta same shi. Ta ɗora masa wata wasiƙa a hannu.

"Duba kwanan watan."

Wasiƙa ce zuwa ga malamin da ke duba bincikenta, ta wata huɗu da suka wuce, tana neman a cire gida na sha huɗu.

"Ƙa'idar aikinmu ba ta yarda mutum ya so wanda yake bincike a kansa ba. Ranar da na gane ina son ka, ranar na cire ku. Wanda ya sato takardar nan kuma na kai ƙararsa, an raba shi da aikin."

"To abin da kika rubuta a kaina fa?"

"Gaskiya ne, Kashim. Kana da fushi, kana jin tsoro. Wa ya tsira daga wannan a garin nan? A haka na so ka."

Ya sunkuyar da kai. "Ki yafe mini, Malamata."

"Na yafe. Amma ka fara zuwa ka karɓe tsumagiyar nan."

Saura Malam Abdulwahab. Da ya ji 'yarsa ta je kasuwa neman saurayi, ransa ya ɓaci. Ranar Asabar da hantsi ya taka da kansa har Umarari don ya ja wa Kashim kunne. Yana zaune a kan tabarma, bai kai ga buɗe baki ba, sai wata ƙara ta girgiza unguwar daga can gefen gari. Rahmat ta fito a guje tana ihu, ta faɗa kan baƙon, ta kafa masa haƙora a dantse.

Kashim ya durƙusa, ya janye ta a hankali, ya manna ta a ƙirjinsa.

"Rahmat. Rahmat. Kawu ne. Ina nan. Babu mai taɓa ki."

Bai daina kiran sunan ba har numfashinta ya daidaita. Ta leƙo ta dubi dattijon.

"Kaka, yi haƙuri," ta ce da 'yar murya.

Malam Abdulwahab ya daɗe yana kallon shatin haƙoran. Sai hawaye suka gangaro cikin gemunsa.

"Tun da Ya'akubu ya rasu haka nake," ya ce. "Sai dai ni da harshe nake cizo, kuma ban taɓa ba kowa haƙuri ba." Ya miƙe ya gyara babbar rigarsa. "Ka sake turo manyanka, ɗana."

Bayan Babbar Sallah aka ɗaura aure a ƙofar gidansa a Limanti, sojoji na binciken masu shiga layin ɗaya bayan ɗaya. Ba a yi taro mai yawa ba, saboda halin gari. Da za a tafi da amarya, Malam Abdulwahab ya dafa kan Siddiƙa, ya kuma dafa kan Rahmat da ke riƙe da gefen lafayarta.

"Allah Ya yi muku albarka. Ya sa gidanku ya zama inda yaro zai yi barci ba firgita. Ya kuma sanyaya mana garin nan."

Duk gidan aka amsa da amin.