Majigin Malam Gwadabe

Da musu suka fara, kuma duk wanda ya san Jamilu ba zai yi mamaki ba. Shagonsa na tura fina-finai a waya yana bakin tasha a Kaura Namoda, ɗan tsukuku ne, amma bakin mai shi ya fi shagon faɗi. Wata ranar da hantsi yana tsakiyar yi wa 'yan kabu-kabu bayanin cewa duk duniya ba a taɓa yin fim irin na 'yan Cana masu dambe a kan rufin ɗaki ba, sai ya ji murya daga bakin ƙofa.

"Malam, in ka ƙare wa'azin, a tura man na Indiya."

Ya ɗago kai. Budurwa ce cikin hijabi ruwan toka, ta miƙo waya, idanunta na dariya bakinta bai yi ba. Nan take Jamilu ya ji duk 'yan Canan nan sun rikito daga rufin ɗakin.

"Na Indiya?" ya ce, don bakinsa ba ya jiran izinin zuciyarsa. "Mutum a halbe shi, shi tsaya shi yi waƙa kahin shi mutu?"

"Ya hi wanda za a kashe ma malami, shi ƙare rayuwa tai shina ɗibar ruwa da tulu kan dutsi," in ji ta. "Fim ɗin da bai sa ka kuka ba, hayaniya ta kawai."

'Yan kabu-kabu suka kwashe da ihu. Ranar ce farkon da aka taɓa rufe wa Jamilu baki a shagonsa, kuma wallahi daɗi ya ji.

Sunanta Saliha, 'yar Zurmi ce, takan zo Kaura wurin yayarta Rahina. Daga ranar kuwa Rahina ta ga zumunci irin wanda ba ta saba gani ba. Saliha ta laƙaba masa Bos, wai shi ne mugun cikin fim ɗin rayuwarta, shi kuma yana kiranta Jarumata. Saƙonsu ma musu ne:

"Jarumata, na kalli wanda kika ce. Ban yi kuka ba, hayaƙin janareta ne ya shiga man ido."

"Sannu Bos. Allah shi ƙaro hayaƙi."

Da magana ta yi nisa, Jamilu ya shirya zuwa Zurmi gaida mahaifinta. Saliha ta ja masa kunne a waya.

"Ka saurare ni da kyau. Baba na da fim guda da shi ka cewa ya hi kowane. In ya kawo zancen, ka ce haka ne, ka yi shiru. Ka ji?"

"Haba, ni da sana'ata? Wane fim na ban sani ba?"

"Abin da ni ka tsoro ke nan."

Malam Gwadabe dillalin hatsi ne, dattijo mai fara'a, wanda duk Zurmi ta san gero da dawarsa ba sa ƙwari. Majalisarsa na ƙarƙashin dogon yaro a ƙofar sitonsa. Ya karɓi Jamilu hannu bibbiyu, aka sha fura, aka taɓa zancen damina. Komai na tafiya daidai har dattijon ya ji sana'ar baƙonsa, sai ya gyara zama. 'Yan majalisa suka kalli juna, don sun san abin da ke tafe.

"Ɗana, ku yaran yanzu ba ku ga fim ba. Muna samari anka kawo majigi hilin makaranta, anka kafa farin ƙyalle. Abokan gaba baƙaƙe wuluk, ba su ƙirguwa, sunka afka ma gari sunka cinye komi. Mace na kuka. Mutum guda yat tashi yat tunkare su. Tun da anka fara fim duniya ba a yi kamatai ba."

"Baba, mi as sunan fim ɗin?"

"Ban riƙe ba."

"To yaya anka ƙare?"

"Ƙarshe mai kyau ƙwarai."

Nan ne ya kamata Jamilu ya ce haka ne. Amma bawan Allah sai ya ce, "Baba, fim ba suna ba ƙarshe, anya ba mafalki kunka yi ba?" Har da 'yar dariya ta kufce masa.

Malam Gwadabe ya ɗauki carbinsa ya ce, "Ka gai da mutanen Kaura."

Kamar jira yake, sai ga Ubaidullahi mai sayar da babura, wanda ya daɗe yana zagayen gidan Saliha ba ta ko kallonsa. Ya tare a majalisar, kullum yana gyaɗa kai. "Wallahi Baba na kalle shi ban san iyaka ba. Ai ba a yi fim ba bayan wannan." Dattijon kuwa ya shaida wa iyalinsa cewa ba zai ba da autarsa ga wanda ya mai da shi mai mafarki a gaban mutane ba.

Jamilu ya rame. Abinci ya fita ransa, musun ma ya daina, har 'yan kabu-kabu suka fara tambaya ko lafiya. Ya birkice duk abin da ke cikin kwamfutarsa, ya tambayi 'yan sana'arsu na Gusau, babu wanda ya san fim ɗin. Daga ƙarshe wani direba ya ce masa akwai tsoho a Shinkafi, Malam Sanda, shi ya tuƙa motar majigi a zamanin. Jamilu ya kama hanyar nan da kowa ke binta da addu'a a baki.

Ya sami tsohon a zaure yana gyaran rediyo. Da ya zayyana masa labarin, Malam Sanda ya yi dariya har da tari.

"Baƙaƙe, ba su ƙirguwa? Yaro, ai fim ɗin ƙwarin hatsi na! Na malaman gona. An kusanto da su cikin hoto har kowane ya kai girman akuya. Jarumin naka manomi na, yat tashi yash share rumbu yaz zuba magani."

Jamilu ya fito yana riƙe ciki don dariya. Kuma da yake shi ne dai Jamilu, tun kafin ya hau mota ya tura saƙo:

"Jarumata, na gano fim ɗin da ya fi kowane a duniya. Ƙwarin gero ne! Bos ɗin ma ƙwaro ne!"

Amsa ta zo nan take:

"Ka yi ma ubana dariya gaban mutane, yanzu kuma ka biyo ni da ita har cikin waya. Ka auri 'yan Cana."

Ta kashe wayarta. Jamilu ya koma Kaura da gaskiyarsa a hannu, ya rasa inda zai kai ta. In ya faɗa a majalisa ya ci musu, ya kunyata dattijo, ya rasa Saliha. In ya bi Ubaidullahi ya yi ƙarya, ita da kanta za ta raina shi. Karo na farko a rayuwarsa ya ji cin musu ba ya da ɗanɗano ko kaɗan.

A Zurmi kuwa Saliha na tsintar wake tana sharar hawaye, mahaifiyarta Inna Suwaiba ta matsa mata sai ta faɗi abin da ya faru. Da ta ji, maimakon ta yi fushi, sai tsohuwar ta ajiye faifai ta yi ta dariya.

"Ɗiyata, ai gaskiya yaf faɗi. Ƙwari na. Ni nak kalle shi tun daga farko har ƙarshe, ina zaune da farantin gyaɗata. Ki ka ganin hatsinmu bai ƙwari, wa kika zata ya koya ma ubanki gyaran rumbu?"

"To shi Baba hwa?"

"Ubanki? Farkon kaɗai yag gani. Yaz zo sayen gyaɗa, yab ba ƙyallen baya, bai sake waiwayawa ba. Shi saye, shi ci, shi ƙara saye, har yac cinye farantin. Kwana yay yi shina ciwon ciki. Da kaka ta yi anka kawo goron tambayata."

Saliha ta share hawayenta. Sannan ta kunna waya ta rubuta wa Jamilu duk labarin, ta ƙare da cewa:

"Baba ya ce ranar Juma'a bayan an sauko ku zo kai da Ubaidullahi. Ban ce ka yi ƙarya ba, ban ce ka kunyata shi ba. Saura ya rage naka, Bos."

Ranar Juma'a majalisa ta cika, har da waɗanda ba su taɓa zama cikinta ba. Malam Gwadabe ya dubi samarin biyu ya ce, "Guda ya ce ya kalla, guda ya ce mafalki na. To kowa shi faɗa man yadda fim ɗin nan yaƙ ƙare."

Ubaidullahi ya miƙe da kuzari. Ya kawo takubba, ya kawo jirgin sama, ya sa jarumi ya shaƙe sarkin abokan gaba a bakin kogi. Har da kwaikwayon ƙarar bindiga. Dattijon dai yana jan carbi.

Aka juyo kan Jamilu. Ya durƙusa ya ce:

"Baba, ku gafarce ni, na yi wauta. Na bincika, fim ɗin akwai shi. Ƙarshe nai, jarumin ya cinye farantin gyaɗa duka, ya kwana da ciwon ciki, da kaka ta yi ya auri mai gyaɗar. Kuma na yarda, ba a yi kamatai ba."

Mutane suka kalli juna, ba wanda ya gane. Carbin Malam Gwadabe ya tsaya cak. Ya dubi ƙofar gidansa, inda labulen zaure ke ɗan motsi, alamar Inna Suwaiba na laɓe a bayansa, sai idanunsa suka ciko, ya fashe da dariya yana goge su da hannun riga.

"Wanga yaro ya kalli fim ɗin," ya ce. "Ka turo magabatanka."

Bayan an ɗauke amfanin gona aka ɗaura aure a Zurmi. 'Yan kabu-kabun Kaura suka yi ayari guda, Malam Sanda ya zo daga Shinkafi aka ba shi wuri a sahun gaba, Inna Suwaiba kuwa ta soya gyaɗa da hannunta aka raba wa baƙi. Wayar ango ta yi ƙara ana tsakiyar gaisawa:

"Bos, an ce man ka yi kuka da anka shafa fatiha."

"Hayaƙin babura ne, Jarumata."

Da jama'a suka fara watsewa, Malam Gwadabe ya kama hannun surukinsa ya sa musu albarka. Ya roƙi Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a ta gari, ya sa duk musunsu ya tsaya a kan fim. Aka ce amin. Sannan ya jawo Jamilu kusa, ya rage murya.

"Zancen ƙwarin nan kuwa, in na ji shi majalisa, zan karɓe ɗiyata."