Ɗan Hancin Morjina

Ranar da Morjina ta fito tsakar gida cikin farin sari, zanen takaba, hancinta babu komai, tulun da ke hannun surukarta sai da ya faɗi ya fashe. A ƙauyenmu na bakin kogi, a ƙasar Bengal, mace ba ta cire ɗan hancin aurenta sai mijinta ya kwanta dama. Wadda ta cire yana raye kuwa, cewa ake ita ta kira masa ajali. Shekarar 1971 ce, sojojin da aka turo daga yamma sun kafa sansani a makarantar gari, mijinta Siraj kuma ya ɓace tun farkon damina.

"Bouma, wa ya kawo miki gawar ɗana?" in ji tsohuwar, da sunan da ake kiran matar ɗa.

"Ammajan, uwata, kogi ne ya ci shi. Haka aka ce mini."

"Aka ce miki! Shi ne kika yi maza kika tuɓe, kamar da ma jira kike... Allah ya isa tsakanina da ke."

Morjina marainiya ce, ba ta da gidan da za ta koma. Motaleb, yayan Siraj, wanda ya mai da kansa ɗan koren sojoji, ya watso mata kayanta cikin taɓo, ta koma kwana a rumfar awaki. Da yunwa ta yi yunwa sai aka gan ta a sansani tana bakacen shinkafa tana gyaran kifi. Shi ke nan, gari ya samu abin taunawa! Idan ta sauko gaɓa wanki mata su janye tulunansu, wata ta tofar da jan yawun pan, ganyen da suke taunawa, daidai ƙafarta. "Ku matsa, ga amaryar soja." Ita dai sai ta sunkuyar da kai, ta sauke hawayenta a kan sallaya: "Ya Allah, kai ka san abin da ba zan iya faɗa ba... ka tsare shi, ni ka ba ni haƙuri."

Siraj yana raye, yana cikin mayaƙan neman 'yanci a ƙetaren kogi. Da an san haka, da an ƙone gidan da tsohuwar a ciki. Farin sarin nan shi ya buɗe wa Morjina ƙofar sansani, don ba mai tsoron matar mamaci. Tana bakace tana lura da jirgin ruwan sojojin da aka zuba wa mai da inda aka nufa da shi, ta raɗa wa Fulbanu, tsohuwa mai tallan kifi, yayin da suke gardamar ciniki, ita kuma ta kai labarin ƙetaren kogi. Ƙauyuka da dama sun watse kafin wuta ta iso su, ba su san albarkacin wa suka ci ba.

Da sojoji suka miƙa wuya, wa ya fara ɗaga sabuwar tuta? Motaleb, marar kunyar duniya! Ya san a gabanta yake lissafa wa kwamanda sunayen 'ya'yan mutane, don haka ya riga ta. Ya jawo ta ƙarƙashin babbar bishiyar kasuwa, ya kira wanzami.

"A aske wa maciya amana kai, a kore ta."

"Bhaijan, Yaya, ka ji tsoron Allah," ta ce. Tsohuwar tana tsaye tana kallo.

An zubar da rabin gashinta a ƙasa lokacin da kwalekwale ya tsaya a gaɓa. Fulbanu ce a gaba, bayanta mayaƙa, tsakiyarsu wani ramamme mai dogara sanda, ƙafarsa ɗaya ta yanke daga gwiwa. Surukar Morjina ta gane ɗanta, ta ƙwalla ƙara ta zube. Siraj bai kalli kowa ba. Ya tsinke layar wuyansa, ya warware, sai ga ɗan hancin zinariya a tafinsa.

"Da hannuna na cire mata. Ni na roƙe ta ta kashe ni da baki don ku rayu." Ya juya ga yayansa. "Kai kuma, duk sunan da ka sayar ya iso kunnenmu. Iyayensu ga su nan."

Da igiyar awaki aka ɗaure Motaleb, aka tasa ƙeyarsa, matan da ya raba da 'ya'yansu na binsa da jifa.

Siraj ya durƙusa da ƙyar, ya kai ɗan hancin fuskarta. Ya gwada, ya sake gwadawa... hujin ya toshe. Tsohuwar ta rarrafo ta kama ƙafar Morjina tana kuka. "Yafe mini, Bouma, yafe mini."

Morjina ta ja gefen sarinta ta rufe rabin kanta da aka aske.

"Tashi ki ɗauko allura, Ammajan, ki sake huda mini. Kada ki ji tausayi. Ba zai kai zafin Allah ya isan da kika yi mini ba."