Rigar da Ta Hau Motar Ruwa

A wata unguwa akwai wani yaro ɗan aji huɗu da ba ya shiri da riga. Da ya dawo daga makaranta, tun a bakin ƙofa yake tuɓe ta ya wurga kan kujera. In an aike shi kanti, ba riga. In zai ɗebo ruwa a famfo, ba riga. Ko baƙi aka yi, haka zai shigo gaisuwa da cibiya a waje.

Dalili kuwa shi ne, a ƙarshen layinsu akwai wani mai buga bulo. Ƙato ne, ƙirjinsa kamar ƙofar gareji. Ba riga yake aiki, ya ɗauki bulo biyu kamar ya ɗauki biredi. Yaron ya sa a ransa shi ma haka yake. Sai ya koma tafiya yana bubbuɗa hannuwa, kamar an ajiye masa ƙwai a hammata.

Yayarsa ba ta barin sa ya sha ruwa. Takan turo ƙirji, ta kumbura kumatu, ta bi bayansa tana cewa a matsa, Sarkin Ƙarfi zai wuce. Har cewa take da haƙarƙarinsa ƙaninsu yake koyon ƙirga.

Umma kuwa kullum maganarta ɗaya ce: ya sa riga, ya fara girma.

"Ai mai bulo ma ba ya sawa, kuma ya girme ni," in ji shi.

"To kai bulo nawa ka buga yau?" in ji Umma.

Ana nan, sai Malamar ajinsu ta zaɓe shi ya karanta jawabin maraba ranar ba da kyaututtuka, saboda muryarsa tana fita tar. Da jan bironta ta rubuta masa jawabin. Amma ta kafa sharaɗi: ya zo da kayan makaranta wankakku, gogaggu. In ba haka ba, monitan aji za ta ba. Monita kuwa dama ya daɗe yana hararar takardar.

Mako biyu yaron yana bita, har kajin gida sun kusa haddacewa.

Ranar ta zo. Umma ta goge masa rigar har kari ya tsaya. Ta ninke takardar ta sa masa a aljihun gaba, ta ce ya wuce makaranta kai tsaye, su ma suna nan tafe.

Da ya iso wurin buga bulo, bai ga mai bulo ba. Motar ruwa ce kawai a tsaye tana cika tanki, sai wasu yara uku 'yan aji ɗaya suna kallon bulon da aka jera. Yaron ya ga ranar nuna ƙarfi ta zo. Kuma wai shi mai wayo, kada siminti ya ɓata masa riga, sai ya tuɓe ta ya rataye a wani ƙarfe a bayan motar.

Ya tofa yawu a tafin hannu, yadda mai bulo yake yi. Ya sunkuya ya ja bulo ɗaya. Bulo bai ma san ana yi ba. Ya sake ja, yana nishi, idanunsa kamar za su faɗo.

"Yaya, ko mu taya ka?" in ji ɗaya daga cikin yaran.

Ya ce su yi masa shiru, yana tattara ƙarfi ne.

"Yaya," in ji ƙaraminsu, "rigarka tana ɗaga maka hannu."

Ya waiga. Motar ruwa ta hau titi, rigar tana lilo a bayanta, hannu ɗaya yana kaɗawa a iska. Ga jawabi a aljihu.

Yaron ya zuba da gudu, jaka tana dukan bayansa. Ga wando, ga safa, ga takalmi, amma sama fayau.

A layinsu an saba ganinsa haka. Babban titi kuwa daban ne. Tela ya leƙo da tef a wuya, ya tambaye shi ko awo ya zo, tunda ya taho a shirye. Mai kemis ya ɗauka ƙaiƙayi ne ya hana shi sa riga, har ya fara laluben man shafawa. Wata tsohuwa da ke share ƙofar gidanta ta dafa tsintsiya ta bi shi da kallo.

"Ɗan wa ne wannan? Uwarsa ba ta gan shi ba ne ya fito?"

Wannan ta fi yi masa zafi. Ya tuna yadda Umma ta tsaya kan rigar tun da sassafe.

Mota ta ɓace masa a kwana. Ya iso ƙofar makaranta yana haki. Iyaye suna ta shiga cikin kwalliya, ƙamshin turare ko'ina. Mai gadi ya gitta sandarsa, ya ce nan makaranta ce, ba bakin rafi ba. Yaron ya juyo da jakarsa gaba ya rufe ƙirji. Duk faɗin da yake gani a ƙirjin nan, jakar ta rufe shi har da saura. Hawaye suka cika masa ido.

"A'a, Sarkin Ƙarfi, lafiya?"

Wani mutum ne cikin farar riga, ya ɓalla maɓalli har wuya. Sai da yaron ya kalli manyan hannuwansa sannan ya gane mai bulo ne. Ashe 'yarsa ce za ta karɓi kyauta.

"Kawu, kai ma kana sa riga?"

Mai bulo ya yi dariya har cikinsa yana rawa. "Ni don siminti da zufa nake tuɓewa. In na tashi aiki, wanka nake yi in sa kayana. Ka taɓa ganina a kanti ko a gidan mutane ba riga?"

Yaron ya yi tunani. Bai taɓa ba.

Mai bulo ya roƙi mai gadi, ya sa yaron a bayansa suka shiga. Faɗin mutumin ya ɓoye shi tsaf. Suna shiga, me za su gani? Motar ruwa ce a gindin tankin makaranta. Ga Malama a tsaye, riga a hannu ɗaya, takarda mai jan biro a ɗayan. Monita yana gefenta, har ya fara gyaran murya.

"Fito," in ji Malama. "Rigarka ta fi ka sammako."

Yaron ya fito kansa a sunkuye, ya faɗi gaskiya tun daga tofa yawu har zuwa gudu. Mai bulo ya sa baki, ya ce shi ma da laifinsa, don ya daɗe yana ganin ana kwaikwayonsa bai yi magana ba.

Malama ta juya rigar. Gabanta fes, amma akwai tabon tsatsa a baya. Monita ya ƙara gyaran murya. Can ta miƙa wa yaron rigar da takardar. Ta ce zai share aji mako guda, da rigarsa a jiki. Yanzu kuma ya hau ya karanta, amma kada ya kuskura ya juya wa baƙi baya.

Ya karanta jawabin tsaf, aka yi ta tafi. Da ya gama, sai ya sauka da baya da baya, yana murmushi. Baƙi suka ce kai, yaron nan akwai ladabi. Umma da yayarsa ne kawai, da ke zaune a gefe, suka hango tabon.

A gida ya ba Umma haƙuri, ya wanke tabon da kansa. Yaya ta samu sabon abin kwaikwayo: kwana uku tana shiga ɗaki da baya.

Daga ranar yaron ya gane cewa tuɓe riga yana da wurinsa: wajen wanka, ko wajen aiki irin na mai bulo. Shiga cikin mutane kuwa sai da sutura, don girmama su ne, kuma girmama kai ne. Yanzu ko kanti aka aike shi, sai ya ɓalla maɓalli har wuya.