Kunu da Inuwa

Ranar Laraba, bakwai ga Shawwal, Malam Ɗantani, tsohon malamin makaranta, ya ba Gambo manomi riƙon wani ɗan mitsitsin kare da ya tsinta, tsoho tukuf, ba ko haƙori.

Ya ce, "Kunu da inuwa kawai yake bukata."

Amma Gambo ya ɗaure shi a gona, wai ya kori birai. Ba kunu, ba inuwa. Kwana uku karen ya mutu.

Ranar kasuwa Malam ya tare Gambo, igiyar da aka ɗaure karen da ita a hannunsa, idonsa jawur.

Gambo ya ce, "Haba Malam, a kan kare? Zan kawo maka wani."

"Ban nemi wani ba. Kunu na ce, inuwa na ce. Tsaya nan gaban jama'a, ka ce ka ci amana, ka nemi gafara!"