Raka'a Biyu a Treichville

Rana ta karkata aka shigo wa Insifekta Sa'ad da Afra'u ofishinsa na Treichville, idonta ya yi jawur don kuka. Haifaffiyar Abidjan ce, kuma yau ta fara aikin jagorar 'yan yawon buɗe ido. Jakar fasfunan baƙinta kaf ta yi ɓatan dabo.

Baƙin 'yan kasuwa ne daga garuruwan Arewa da suka haɗu don hutu. Sun tashi daga Kano da asuba, suka sha zaman jira a Legas, suka canza jirgi a Akara. Da suka sauka Abidjan aka loda su a gbaka, wato ƙaramar bas ɗin haya, zuwa unguwar 220 Logements cin abinci, sannan otal. Mutum ya sha wannan jigila, ko ɗan'uwansa da ƙyar zai gane, balle baƙuwar fuska.

Shugabansu, Alhaji Nomau, ya tsare ƙofar otal ya hana kowa fita, ya kuma rantse Afra'u ce ta sayar da fasfunan. Kwamishinan 'yan sanda ya ce in ba a ga jakar ba, a sel za ta kwana.

"Shef, wallahi ban taɓa sata ba," in ji ta, tana duban Insifekta.

"Yako, sannu, 'yata. A gida za ki kwana."

Sa'ad ba ya alkawarin banza. Ya tafi unguwar Adjamé ya samo direban gbakar, Ɗan'azumi, wanda ya rantse bai tsaya ko'ina ba. Insifekta ya leƙa gaban motar, ya ga ƙunshin garba, wato dambun rogo da kifi.

"To wannan garbar mai zafi, daga sama ta faɗo?"

Direba ya sosa ƙeya. Ya ce gaskiya ya tsaya a Indénié, don wani fasinja ya raɗa masa da Julanci, yaren kasuwar garin, cewa fitsari ya matse shi. Mutumin ya sauka sanye da babbar riga, ya dawo, shi kuma ya sayi garba kafin nan. Fuska kuwa bai riƙe ba, duk farar shadda suka sa.

Baƙon da ya sauka yau, ina ya koyi Julanci? Sa'ad ya yi murmushi.

A otal ya tambayi mazan ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya ce bai taɓa taka ƙasar ba. Wani mai suna Hadi ya fi kowa zaƙewa, har da ba da labarin yadda kunnensa ya toshe a jirgi. Takardun da za su nuna waye waye duk suna cikin jakar.

Insifekta ya dubi sama ya ce la'asar ta yi, a yi salla tukuna. Ya roƙi Alhaji Nomau ya ja su, shi kuma ya tsaya a ƙarshen sahu.

Alhaji matafiyi ne, kasaru ya yi. Raka'a biyu ya sallame, baƙi suka sallame tare da shi. Sa'ad, da yake mazaunin gari ne, ya miƙe zai cika. A tsakiyar sahu wani ma ya miƙe.

Hadi ne. Ya ɗan yi turus a tsaye, kafaɗunsa suka saki, sannan ya ci gaba. Ba wanda ya taɓa shi har ya idar.

"Malam Hadi, matafiyin da ya kwaso hanya tun daga Kano, me ya kai shi raka'a huɗu?"

"Mantuwa ce, ranka ya daɗe."

"Ka tuna a tsaye, na gan ka. Me ya hana ka zauna?"

Hadi ya sunkuyar da kai. Ya ce a Adjamé yake zaune. A filin jirgi ya saje da su, baƙi suka ɗauka mutumin Afra'u ne, ita kuma ta ɗauka baƙonta ne. Jakar, da ya ɓoye cikin babbar riga ya sauka da ita, tana wurin wata mai sayar da lemo a Indénié. Kwaɗayin akwatuna ne ya kawo shi otal.

Kafin magariba aka dawo da jakar, ba abin da ya ɓata. Alhaji Nomau, kunya ta kama shi, ya nemi gafarar Afra'u a gaban jama'a. Ita ko ta rungume jakar don murna.

Ana sa wa Hadi ankwa, ya juyo ya dubi Insifekta.

"Kai zan iya yi wa ƙarya har gobe," ya ce a hankali. "Amma Wanda nake yi wa sallar ya san ban je ko'ina ba."