Talatin da Ɗaya ga Afrilu

Dutsen farko a kafaɗa ya same ta, na biyun kuwa a baki. Auta ta zube a bakin titi da rana tsaka, littattafanta na shari'a suka watse cikin kwata, kafin ta ɗago kai mutane sun rufar mata, wani da sanda, wani da ƙafa, wata mata har da takalminta. "Ita ce! Ita ce ta cikin bidiyon! Mai kashe jarirai!" Cikin masu dukan ta hango maƙwabcinsu tela, mutumin da take gaisarwa kowace safiya, yana kuka yana ɗaga katako. Ta buɗe baki za ta ce Baba tela, ni ce fa... katakon ya sauka a muƙamuƙinta, ta ji ƙashi ya ce ƙas! Da ba don wani direban bas ya ratsa taron ya jefa ta cikin motarsa ba, da a nan labarinta ya ƙare.

Auta marainiya ce, tana shekarar ƙarshe a sashen koyon aikin lauya. Tun rasuwar iyayenta take zaune gidan Baffanta, ita ce wanki, ita ce shara, kuma ita ce ta ɗaya a aji. Wannan na ƙarshen ne Gimbiya, 'yar Baffan, ta kasa haɗiyewa, don ajinsu ɗaya, kuma Auta aka zaɓa ta wakilci sashen a gasar kotun gwaji, inda ɗalibai ke kwaikwayon shari'a. Wata ranar Asabar Gimbiya ta shigo ɗaki da takarda a hannu da murmushi har kunne. "Ƙanwata, taimaka mini in yi atisaye mana. Ke ce mai rainon da ake tuhuma, ni ce lauya. Haddace wannan, zan ɗauka a waya mu ga kurakuranmu." Baiwar Allah har daɗi ta ji, wai yau Yaya ta kira ta ƙanwa! Ta haddace, ta zage ta yi wasan da hawaye shaɓe-shaɓe. Gimbiya ta yanke farkon bidiyon da ƙarshensa, ta sake shi da wata baƙuwar lamba, da rubutu a ƙasa: ɗalibar lauya ta amsa laifin kashe jaririn maƙwabta. Ga shi kuwa jaririn tela bai daɗe da rasuwa ba, zazzaɓi ne ya ɗauke shi, kuma duk layin sun san Auta ce mai goya shi.

A asibiti likita ya ɗaure mata haƙora da waya, ya ce mako shida ba magana, abinci ma sai na ruwa. Baffa ya zo, ko zama bai yi ba. Ya wurga mata jakar kayanta a kan gado. "Kin zubar mini da mutunci a idon duniya! Ko a guruf ɗin dangi na faɗa, ba ni ba ke. Kada ƙafarki ta sake taka gidana!" Ta miƙa hannu tana nuna biro, tana roƙonsa da ido ya bari ta rubuta, ya kaɗe hannun har robar ƙarin ruwa ta fizge, jini ya ɓata zanin gado. Washegari takardar makaranta ta iso: kwamitin ladabtarwa zai zauna, domin wanda sunansa ya ɓaci ba ya sa rigar lauya. Auta ta kifa fuska a matashi tana kuka marar sauti. A zuci take cewa, ya Allah, ba ni da uwa, ba ni da uba, yau ga shi ba ni da baki... Kai ne ka gani, Kai ne shaidata!

Ranar zaman ta shigo da fuska a kumbure, ɗalibai na darewa suna ɗaga wayoyi. Shugaban kwamitin wani tsohon alƙali ne da ke koyar da su dokar shaida. Gimbiya ce ta fara ba da shaida, tana matse ido da gefen mayafi. "Wallahi, ranka ya daɗe, ni ma a waya na gani kamar kowa. Jinina ce, amma gaskiya ta fi jini." Aka kunna bidiyon, muryar Auta ta cika ɗakin: "Ni na zuba masa gubar a madara, ranar talatin da ɗaya ga Afrilu..." Matar tela da ke zaune a baya ta kurma ihu ta faɗi.

Auta ta yi rubutu a takarda, ta tura gaban alƙalin. Ya gyara tabarau ya karanta a fili: "Ranka ya daɗe, Afrilu kwana nawa ne?"

Mutum dubu nawa suka kalli bidiyon nan, suka tsine, suka tura wa 'yan uwa, amma ba a samu ko ɗaya da ya ƙirga kwanakin wata a yatsunsa ba! Tsohon ya cire tabarau a hankali. "Talatin ne. Kuma na san wannan magana, don ni na rubuta ta. Duk shari'ar gwajin da na ƙirƙira, ranar da babu ita nake sa mata, don kada a ɗauke ta gaskiya. Wannan takardar ban taɓa raba ta a aji ba. Ɗaliba ɗaya ce ta zo ofishina ta roƙa, wai za ta yi atisaye." Ya juya ya zuba wa Gimbiya ido. "Miƙo wayarki."

Ta zabura za ta yi ƙofa, 'yar sandan da ke tsaye ta cafke ta, suka kama kokawa har kujeru suka kife. A cikin wayar aka sami cikakken bidiyon, ga muryar Gimbiya tana ƙyalƙyala dariya: "Ƙara kukan, Auta, bai isa ba!" Matar tela ta yi kukan kura ta shaƙe ta, da ƙyar mutum uku suka ɓamɓare hannunta. A ranar aka kori Gimbiya daga makaranta, aka fita da ita da ankwa, wayoyin da suka ɗauki Auta ɗazu yanzu ita suke ɗauka. Tela ya kai kansa wurin 'yan sanda, yana tafe yana cewa ya kusa kashe yarinyar da ta fi kowa son ɗansa.

Makaranta ta wanke Auta a rubuce, aka shigar da ƙarar Gimbiya a kotu, tsohon alƙalin ya kai ta gidansa matarsa ta yi jinyarta, ya kuma ce gurbinta na gasa yana nan yana jiranta. Ranar da likita ya kwance mata wayar haƙoran, Baffa ya shigo ya durƙusa a gaban gadon, dattijo da furfurarsa, hawaye na bin gemunsa. "'Yata, na cuce ki, na cuci ɗan uwana da ke kabari. Ki yafe mini... ki janye ƙarar nan, Gimbiya 'yar uwarki ce, kada a ɗaure mini ita!"

Auta ta motsa baki da ƙyar, muryar ta fito a dishe, maganarta ta farko cikin mako shida.

"Baffa, tashi, ba kyau ka durƙusa mini. Duka da kora da haƙoran da na rasa, duk na yafe, har ga Allah. Amma matar tela ta binne ɗanta ta yi haƙuri, Yaya ta tono mata shi ta ce kashe shi aka yi. Wannan ba haƙƙina ba ne, Baffa. Ba ni da ikon yafe shi."